Kurket, ƙwallon ƙafa da 'yan wasa masu neman jinsi: inda aka daidaita da inda ake ja

A makon da ya haɗa ƙarshen Nuwamba da farkon Disamban 2024, masu kallon Firimiyar Ingila sun ga abubuwa uku da suka ɗaure wa mutane kai. Kyaftin ɗin Ipswich, Sam Morsy, Musulmi mai buga wa Masar, ya ƙi ɗaura kambu mai launin bakan gizo, alamar goyon bayan masu neman jinsi, da aka raba wa kyaftin-kyaftin, ƙungiyarsa kuma ta ce ta mutunta dalilinsa na addini. Marc Guehi na Crystal Palace ya ɗaura nasa, amma ya rubuta saƙon ƙaunar Yesu a kai, sai hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta tunatar da shi cewa ba a rubuta saƙon addini a kayan wasa. A Manchester United, Noussair Mazraoui ya ce ba zai sa rigar saman da aka ɗinka don wannan makon ba, sai dukkan 'yan wasan suka ajiye tasu don kada a ga shi kaɗai ya fita daban.

Duk wannan ƙura ta tashi ne a gasar da, cikin ɗaruruwan 'yan wasanta, babu ko ɗaya da ya fito fili ya ce shi mai neman maza ne. A kurket na maza ma kusan haka abin yake. To, da ake cewa wasanni sun karɓi irin waɗannan 'yan wasa, me aka karɓa? Kuma su wa ke rigima da wa?

Batutuwa biyu da ake cakuɗawa

Da farko, ana magana ne a kan ɗan wasa ko 'yar wasa da suka bayyana da bakinsu cewa jinsinsu suke nema, wato abin da Hausa ke kira luwaɗi da maɗigo. Wannan daban yake da batun waɗanda suka sauya jinsi suna son shiga gasar mata, wanda jayayyarsa ta ƙarfin jiki ce da adalci a gasa. Hukumar kurket ta duniya, ICC, ta yanke nata hukuncin a kan wancan a Nuwamban 2023, inda ta hana wanda ya balaga a matsayin namiji buga wasannin mata na ƙasa da ƙasa. Ba shi ne abin dubawa a nan ba.

A cikin namu batun akwai tambayoyi biyu. Ta farko: shin mutum zai iya faɗin yadda yake, ya ci gaba da sana'arsa ba tare da an zage shi ko an ajiye shi a benci ba? Ta biyu: shin wajibi ne sauran 'yan wasa su sa wata alama da ke nuna goyon baya? A ƙasashen Yamma, ta farkon an gama da ita a takarda. Dokokin FIFA sun haramta nuna bambanci a kan wannan dalili, kwamitin Olamfik ma ya shigar da shi cikin kundinsa a Disamban 2014, bayan ce-ce-ku-cen wasannin Sochi na Rasha. Kusan duk rigingimun shekarun nan a kan ta biyun suke. Wanda bai raba su ba zai yi ta ganin kamar faɗa ɗaya ake yi.

Abin da ya faru a kurket

A watan Fabrairun 2011, Steven Davies, mai tare ƙwallo a bayan sanduna na ƙungiyar Surrey da tawagar Ingila, ya shaida wa jaridar Daily Telegraph cewa shi mai neman maza ne. Shekarunsa 24 a lokacin. Shi ne namiji na farko da ya faɗi haka yana cikin buga kurket na ƙasa da ƙasa. Abokan wasansa sun riga duniya sani. Kafin tawagar ta tafi Ostireliya gasar Ashes (wadda ake yi tsakanin Ingila da Ostireliya) ta 2010 zuwa 2011, ya sanar da koci Andy Flower, shi kuma tare da kyaftin Andrew Strauss suka sanar da sauran 'yan wasa. Maganar ta zauna a cikinsu tsawon tafiyar, ba ta fita ba. Davies ya ci gaba da buga wasa a gasar gundumomin Ingila, ya koma Somerset, har zuwa 2023.

Dalilin da ya sa lamarin ya fi nauyi a kurket shi ne yanayin wasan. Wasan Test guda yana ɗaukar kwana biyar, rangadin wata ƙasa kuma yakan kai wata biyu ko uku. 'Yan wasa na otal ɗaya, motar safa ɗaya, teburin cin abinci ɗaya, ana hirar gida da iyali safe da yamma. Mai ɓoye wani abu a irin wannan zama, kullum cikin lissafin abin da zai faɗa yake. Heath Davis, tsohon mai jifa na Niyu Zilan da ya buga Test biyar a tsakanin 1994 da 1997, bai yi magana ba sai a Agustan 2022, bayan ya daɗe da ritaya. Ya ce a rangadin Ingila na 1994 shi kaɗai yake sulalewa ya fita, kuma rayuwar kaɗaici ce.

Mutane da yawa sun ɗauka Davies ya buɗe ƙofa, wasu za su biyo. Sama da shekara goma bayan haka, a cikin manyan tawagogin maza, shiru kake ji.

Abin da ya sauya shi ne hukuncin baki. A Fabrairun 2019, a wasan Test na tsibirin Sent Lusiya, na'urar ɗaukar sauti da ke jikin sanduna ta kama kyaftin ɗin Ingila Joe Root yana ce wa Shannon Gabriel na tawagar Wes Indis kada ya mayar da wannan abin zagi, babu laifi a zama mai neman maza. Ba a ji abin da Gabriel ya faɗa ba, amma daga baya shi da kansa ya fitar da sanarwa cewa ya tambayi Root ko maza yake so, ya kuma nemi afuwa. An ci shi tarar kashi 75 cikin 100 na kuɗin wasan, kuma da aka haɗa da makin laifuffukansa na baya, aka dakatar da shi wasa huɗu na yini ɗaya. A Nuwamban wannan shekara, James Pattinson na Ostireliya ya rasa wasan Test guda saboda irin wannan kalma, sai Marcus Stoinis da aka ci tarar dalar Ostireliya 7,500 a Janairun 2020. Tsokanar abokin hamayya da baki tsohuwar al'ada ce a kurket, ba a hana ta ba. An dai cire wannan nau'in daga cikinta.

Me ya sa mata suka bambanta

A kurket na mata labarin ya sha bamban. Alex Blackwell ta Ostireliya ta bayyana kanta tun 2013. Amy Satterthwaite da Lea Tahuhu na Niyu Zilan sun yi aure a 2017 bisa dokar ƙasarsu, Dane van Niekerk da Marizanne Kapp na Afirka ta Kudu a 2018, Katherine Brunt da Nat Sciver na Ingila a 2022. Waɗannan ba 'yan benci ba ne. A cikinsu akwai waɗanda suka riƙe kyaftin na ƙasa. A Olamfik ta Tokiyo, shafin Outsports ya ƙirga sama da 'yan wasa 180 da suka bayyana kansu, kuma mafi rinjayensu mata ne.

Masu nazari kan kawo dalilai da dama. Wasannin mata sun daɗe babu kuɗi, babu kyamara, babu dubban 'yan kallo masu rera zagi, don haka suka ginu a matsayin ƙananan da'irori inda kowa ya san kowa, kafin kuɗi da talabijin su iso. Wasannin maza kuwa an gina su a kan wani hoto na mazantaka, wanda a cikinsa kiran mutum da wannan suna shi ne zagi mafi saurin zuwa baki. Sai dai kada a ɗauka mata ba su biya farashi ba. A 1981, da wata ƙara a kotu ta fallasa alaƙar zakarar tanis Billie Jean King da wata mace, kamfanonin da ke tallata kaya da ita sun janye cikin kwana guda. Har yau kuma akwai matan da ake yi wa zargin maɗigo don kawai suna buga ƙwallo, abin da ke sa wasu iyaye hana 'ya'yansu shiga wasa tun farko.

Inuwar Justin Fashanu

Ba a fahimtar shirun maza a Ingila sai an koma kan wannan mutum, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa kuma 'yar Gayana. A 1981 ya zama baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan ɗaya a Ingila, daga Norwich zuwa Nottingham Forest. Zamansa da koci Brian Clough bai yi daɗi ba, kuma Clough ya tsangwame shi a kan wuraren da yake zuwa da dare. A Oktoban 1990 ya bayyana kansa a jaridar The Sun. Ƙaninsa John, wanda ya fi shi suna a Najeriya, ya nesanta kansa da shi a bainar jama'a, kuma shekaru bayan haka ya amsa cewa ya ba shi fam 75,000 don ya yi shiru. A 1998 aka zargi Justin a jihar Merilan ta Amurka da cin zarafin wani yaro ɗan shekara 17. Ya musanta, ya koma Landan, a watan Mayu ya kashe kansa, ya bar takarda cewa ba ya jin za a yi masa adalci a shari'a.

An shafe sama da shekara talatin kafin wani ƙwararren ɗan ƙwallo namiji a Ingila ya sake yin irin wannan magana yana cikin wasa. Shi ne Jake Daniels na Blackpool, a Mayun 2022, yana ɗan shekara 17. A tsakani, masu magana sukan jira sai sun ajiye takalmi, kamar Thomas Hitzlsperger na Jamus a 2014. A wasu wasannin an samu ɗaiɗaiku: Gareth Thomas a zari-ruga a 2009, Jason Collins a kwandon NBA a 2013. Jakub Jankto na Jamhuriyar Cek ya bi sahu a 2023. Abin da ya samu Josh Cavallo na Adelaide United, wanda ya bayyana kansa a Oktoban 2021, ya nuna inda matsalar ta koma. Ƙungiyarsa ta tsaya masa a lokacin, manyan 'yan wasan duniya sun aiko da saƙon goyon baya, amma bayan 'yan watanni 'yan kallo suka zage shi a filin wasa a Melbon, kuma a 2025 ya ce har yanzu yana samun barazanar kisa a shafukan sada zumunta. Ɗakin sauya kaya ya fi sauƙi yanzu. Wurin zaman 'yan kallo da waya a hannu ne suka fi wuya.

Taswirar doka da taswirar kuɗi

Nan ne kurket ya bambanta da kusan kowane wasa. Cikakkun mambobin ICC goma sha biyu ne kacal, kuma sun rabu gida biyu a wannan batu. Ingila, Ostireliya, Niyu Zilan, Ayalan da Afirka ta Kudu sun halasta auren jinsi, ita ta ƙarshen tun 2006. A Pakistan, Bangaladash, Siri Lanka, Afganistan da Zimbabuwe, luwaɗi laifi ne a doka. Tawagar Wes Indis haɗakar ƙasashe ce, kowace da dokarta: kotuna sun soke haramcin a Babados da Antigwa a 2022, amma yana nan a Jamaika da Gayana. Indiya na tsakiya. Kotun ƙolinta ta cire shi daga jerin laifuffuka a Satumban 2018, amma a Oktoban 2023 ta ƙi halasta auren. Da yawa daga cikin waɗannan dokoki, kamar sashe na 377 da Indiya da Pakistan da Bangaladash suka gada, Turawan mulkin mallaka ne suka rubuta su tun 1860, su ɗin dai da suka kai kurket waɗannan ƙasashe. Amma kuskure ne a ce dokar ce kawai ke riƙe da al'umma, domin a yawancin wuraren addini da al'ada suna tare da ita.

Sai kuɗi. Hedikwatar ICC tana Dubai tun 2005, inda dokar ƙasa ta haramta abin. Gasar da ta fi kowace arziki, IPL ta Indiya, ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta na 2023 zuwa 2027 a kan kimanin dala biliyan 6. Ɗan kurket na zamani yana cin abincinsa ne da yawo: wata biyu a Indiya, wata guda a Pakistan ko Daular Larabawa, sannan Karibiyan. Kwangilolin gajeru ne, ana sayen mutum a gwanjo, kuma idan ba a saye shi ba babu mai faɗa masa dalili. Ɗan wasan Ingila da ke tunanin bayyana kansa ba hukumar ƙasarsa yake jin tsoro ba. Yana duba ko wani mai ƙungiya a wata nahiya zai ga ya fi masa sauƙi ya ɗauki wani.

A aikace, ƙasashe masu karɓar baƙuncin gasa kan kau da kai. Da aka mayar da gasar duniya ta mata ta T20 (gajeren nau'in kurket) daga Bangaladash zuwa Daular Larabawa a Oktoban 2024, Lea Tahuhu da Marizanne Kapp duk sun buga wasan ƙarshe a Dubai, wanda Niyu Zilan ta ci. Babu wanda ya taɓa su. Wannan sassauci ne da ba a rubuta ba, kuma baƙi fitattu ne ke cin moriyarsa, ba 'yan ƙasa ba.

Rigimar bakan gizo

Kamfen ɗin igiyar takalmi mai launin bakan gizo ƙungiyar Stonewall mai fafutukar haƙƙin masu neman jinsi ce ta fara shi a Ingila a 2013. A Faransa kuma, gasar ƙasar kan ware mako guda a watan Mayu. Masu goyon baya na cewa alamar ba ta neman kowa ya sauya aƙidarsa, tana nufin filin wasa na kowa ne. Suna cewa yaro ɗan shekara sha biyar da ke makarantar horon ƙungiya yana kallon kyaftin ɗinsa, kuma ƙin ɗaura kambun saƙo ne gare shi cewa ya yi shiru. Suna kuma tambaya: da alamar yaƙi da wariyar launin fata ce wani ya ƙi sawa, za a ce ra'ayinsa ne?

Masu ƙi suna da tasu amsar. Musulunci ya haramta aikin a fili, haka ma majami'u da yawa, kuma a wurinsu sa alamar shaida ce a kan abin da suka yi imani saɓo ne. Yawancinsu sun ce suna girmama kowa, ba su zagi kowa ba, ba su ƙi wasa da kowa ba. Suna kuma nuna saɓanin da ke cikin ƙa'idar: an hana rubuta saƙon addini ko siyasa a riga, amma hukuma na zaɓar nata saƙon ta raba wa kowa.

Hukumomi ba su bi hanya ɗaya ba. Idrissa Gueye bai buga wa PSG wasan Montpellier ba a Mayun 2022, shugaban Senegal na lokacin Macky Sall ya fito ya mara masa baya. Mohamed Camara na Monaco ya liƙe alamar da filasta a Mayun 2024, aka dakatar da shi wasa huɗu, hukumar ƙwallon Mali ta tsaya masa. Ingila ba ta hukunta Morsy ba. A Katar 2022 matsin ya juya: ƙasashen Turai bakwai suka ajiye kambun OneLove, na yaƙi da nuna bambanci, bayan FIFA ta yi barazanar katin gargaɗi ga duk kyaftin ɗin da ya ɗaura. Akwai kuma lamarin da ya wuce ƙin sa alama, na Israel Folau, wanda hukumar zari-rugar Ostireliya ta kora a 2019 bayan ya wallafa cewa wuta na jiran masu luwaɗi idan ba su tuba ba. Ya kai ƙara, aka sasanta a wajen kotu.

Idan aka jera waɗannan shari'o'i, hukuncin da ya fi samun karɓuwa shi ne wanda ya hau kan zagi, irin na Gabriel, wanda shi kansa ya nemi afuwa. Wanda ya hau kan ƙin sa alama kuwa kullum yakan bar baya da ƙura, kuma da wuya a nuna cewa ya sa wani ɗan wasa ya samu ƙarfin bayyana kansa. A 2025 Firimiya ta kawo ƙarshen haɗin gwiwarta da Stonewall.

Yadda abin ke taɓa mutane

Ga ɗan kallo a Ingila, sauyin a bayyane yake. Tun Janairun 2022 masu gabatar da ƙara suka ayyana wata tsohuwar waƙar zagi da ake rera wa Chelsea a matsayin laifin ƙiyayya, kuma a 2023 aka ci Wolves tarar fam 100,000 saboda magoya bayanta sun rera ta. Ga masu buga kurket na unguwa, an samu ƙungiyoyi irin su Graces ta Landan, wadda aka kafa a 1996 don waɗanda ba su samu sukuni a sauran ƙungiyoyi ba.

Ga matashin Afirka da ke mafarkin Turai, lamarin gaba kura ne baya sayaki. A Najeriya, dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi da shekara 10 ga masu tallafa wa ƙungiyoyinsa, ban da dokokin shari'a a jihohi 12 na Arewa. Ɗan wasan da ya taso a nan ya sa hannu a Faransa ko Ingila zai iske zagi da wannan kalma na iya jawo masa dakatarwa, ko da a tsohon rubutunsa na intanet aka tono shi. Idan ya sa alamar, hotonsa zai zagaya wayoyin unguwarsu kafin a tashi wasa. Idan ya ƙi, jaridun can za su sa shi gaba, kuma makomarsa ta dogara da ƙasar da yake: a Faransa an dakatar, a Ingila ba a yi ba. Abu ne da ya kamata wakilai da makarantun horo su yi wa yara bayani kafin a hau jirgi.

Kurket ɗin Najeriya ma ya fara shiga wannan fage. A Janairun 2025 'yan matan ƙasa da shekara 19 sun doke Niyu Zilan a gasar duniya a Malesiya, kuma duk tawagar da ke buga gasar ICC tana ƙarƙashin ƙa'idar ɗa'ar da aka hukunta Gabriel da ita. Kurket zai koma Olamfik a 2028 a Los Anjales, ƙarƙashin kundin da ya haramta bambancin, sannan a 2034 Saudiyya za ta karɓi gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa, a ƙarƙashin dokarta da ta haramta aikin.